Golf 3 ta rage ja: a rarake manifol ko a ƙyale shi?

Mai Golf Jos: Assalamu alaikum iyayen gida. Shawara nake nema. Golf 3 gare ni, wagon, injin 1.8 mai injekta ɗaya, ina haya da ita daga Jos zuwa Akwanga da Lafiya. Tun bayan damina ta rage ja. A fili babu laifi sosai, amma in na ɗauko lodi na zo Hawan Kibo sai ta riƙa nishi, dole in sauko giya tun ban kai rabi ba, ga shan mai ya ƙaru. Wani yaro a garejinmu ya ce in bar shi ya kwance manifol ɗin iska, wato bututun da ke raba wa silindoji iska, ya rarake ramukan da giranda, ya goge su har su yi sheƙi. Wai fotin ake ce wa aikin, iska za ta riƙa shiga da yawa, mota ta ƙara doki. Har bidiyo ya nuna min a waya. Kafin in ba shi nake so in ji ta bakinku.

Ɗan Panteka: Wa'alaikumus salam. Ba shi mana. In ya gama ka kira ni, akwai manifol na Beljiyam a shago 😂

Tsohon Hannu: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, bari in tambaye ka. Lokacin da motar nan take haye Kibo da ƙarfinta, da wane manifol take hawa? Da wannan ɗin dai da ke jikinta yanzu. Rami ba ya tsukewa da kansa. Abin da ya canza shi za a nema. Sa a auna maka kwamfireshan na silinda huɗun, a duba taimin, a duba eyakilina, a duba ko salansa ta toshe. Sannan abin da na fi zargi: robar nan da kan injekta yake zaune a kanta. A injin nan tsagewa take yi, iska ta riƙa sata ta gefe. Kada yaron ya kusanci manifol da giranda tukuna.

E36 Abuja: Baba da girmanka, amma fotin ba tatsuniya ba ce. Inji ai famfon iska ne, gwargwadon iskar da ya shaƙa gwargwadon man da zai iya ƙonawa, gwargwadon ƙarfinsa. Duk masu tsere a duniya suna yi. Matsalarmu a nan duk abin da oga bai koya wa mutum ba sai a ce ba ya yi.

Tsohon Hannu: Ban ce ba ya yi ba, ɗana. Cewa na yi ba shi ne ciwon motar nan ba. Masu tseren da kake faɗa, akwai wanda yake ɗaukar buhun dankali a but?

Injiniya Samaru: Ku duka kuna kan hanya, amma a sa lissafi a ciki don maganar ta tsaya. Injin Golf ɗin nan 1,781 cc ne, kuma inji mai bugu huɗu yana shaƙar cikinsa sau ɗaya a kowane juyi biyu. A juyi 3,000 a minti, ko da silinda tana cika maƙil, iskar ba za ta wuce kimanin lita 2,700 a minti ba. A juyi 6,000 ta ninka. Ramin da ya ishi injin a 6,000 ya yi masa yawa a 3,000. To direban haya a ina yake rayuwa? Tsakanin 2,000 da 3,500. Volkswagen ta san haka, shi ya sa injin yake ba da iyakar ƙarfin murɗawarsa, 145 Nm, tun a juyi 2,500, dokinsa 90 kuma sai a 5,500.

Abin da mutane ke mantawa shi ne iska tana da nauyi. In tana gudu a cikin bututu, ko fistin ya kai ƙasa ya fara dawowa ba ta tsayawa nan take, tana ci gaba da danno kai cikin silinda muddin bawul bai rufe ba. Bawul ɗin shiga kuwa ba ya rufewa sai fistin ya riga ya fara hawa, da gangan aka yi haka don a ci ribar wannan gudun. In ka faɗaɗa rami, gudun ya ragu, a ƙaramin juyi fistin zai turo wani sashe na iskar ya dawo da shi baya kafin bawul ya rufe. Kuma faɗin yana yaudara. Ramin milimita 30 in ka mai da shi 33, a ido kashi 10 ka ƙara, amma filin cikinsa ya ƙaru da kashi 21 cikin 100, gudun iskar kuma ya faɗi da kusan kashi 17. Milimita ɗaya da rabi kacal ka ci a kowane gefe.

Saboda haka Mai Golf, ko da motarka lafiya lau take, aikin da yaron ya kwatanta a daidai inda kake kuka nan zai rage maka.

Mai Golf Jos: Ikon Allah. Wato ƙara nishi za ta yi a Kibo ke nan.

E36 Abuja: Injiniya, to ga tawa. BMW 328i ce, injin M52. Na cire manifol ɗinta na sa na M50, wanda ramukansa suka fi faɗi. Yanzu daga 4,500 zuwa sama wata mota ce daban, ba ta sarewa har jan layi. Wannan ba a takarda na karanta ba.

Injiniya Samaru: Na yarda, wannan canjin sananne ne a duniyar BMW kuma yana aiki. Amma faɗa mana gaskiya, ƙasa da 3,500 fa?

E36 Abuja: Ta ɗan yi laushi a ƙasa, ba na musu. Amma ni ba a can nake zama ba.

Injiniya Samaru: To ka ga, ba ƙarfi ka samu kyauta ba, matsar da shi ka yi daga ƙasa zuwa sama, kuma ga mai juya mota a fili cinikin ya yi riba. Sannan lura da abu biyu. Injinka lita 2.8 ne da aka ɗaura wa manifol mai siraran ramuka, shi ya sa 328i take da doki 193 yayin da 325i mai lita 2.5 take da 192. A naka injin manifol ɗin ne maƙura. A na Mai Golf ba shi ba ne: bawul biyu ne kacal a kowace silinda, kam ɗinsa, wato sandar da ke buɗe bawul, ba ya buɗe su sosai, duk iskar kuma ta maƙogwaro ɗaya take bi a kan injekta. Na biyu, kai ba rarakewa ka yi ba. Manifol ɗin da injiniyoyin kamfani suka auna, ramuka shida daidai wa daida, shi ka ɗauka ka ɗaura. Na roba ne ma, ina za a sa giranda?

Na Maraɗi: Sallama gare ku. Ni maganar sheƙin nan ta ɗauki hankalina. Mu da muka taso ga noman rani Jiratawa mun san wanga abu: in magudana ta yi faɗi ruwa lafawa ya kai, laka ta kwanta ƙasa. Hakanan fetur ya kai cikin manifol. Motar da ke da kafireta ko injekta guda, man tun daga sama ya ke gauraye da iska, tare su ke tafiya har ga bawul. In iskar ta rage gudu, ko bangon ya yi santsi, man sai ya kwanta jikin bango yana gangarawa. Wata silinda ta sha da yawa, wata ta samu kaɗan. Ka kwance fulogi ka ga biyu baƙi ƙirin, biyu fari fat.

Tsohon Hannu: Allah ya yi maka albarka, Na Maraɗi. An taɓa kawo min 504 da wani ya goge mata manifol har kana ganin fuskarka a ciki. Da safe ba ta silo, in ka taka totur sai ta shaƙe kafin ta ɗauka. An canza jet, an wanke kafireta, an canza kwandansa, duk a banza. Da muka ɗaura mata tsohon manifol mai kaushinsa na kamfani shi ke nan ta dawo hayyacinta. Shi ya sa ma a irin waɗannan injina kamfani yake zagaya ruwan lagireto ta jikin manifol, a Golf har da ƙarfen ɗumama mai tsini-tsini a ƙasan kan injekta, duk don kada mai ya kwanta. Kuma wannan hanyar ruwan ita ce haɗarin: in yaro ya zurfafa giranda ya huda bango, ruwa ya samu hanyar shiga silinda.

Ɗan Panteka: Ni dai har yanzu shago a buɗe yake.

Admin: Ɗan Panteka, talla ranar Juma'a ce.

E36 Abuja: To a injin da kowace silinda take da nozul ɗinta a bakin top, wato kan injin, fa? Can ai iska ce zalla a manifol, babu mai. Folish ba zai cutar ba.

Injiniya Samaru: Ba zai cutar ba, amma ba zai ba ka abin kirki ba. Iskar da ke manne da bango kusan a tsaye take, ko bangon na madubi ne. Abin da ke hana iska wucewa shi ne siffa: kwana mai kaifi, tudun da ya rage daga zubi, gaɓar da ramuka biyu ba su haɗu daidai ba. Masu wannan sana'a da samfefa mai lamba 60 ko 80 suke gama ramin shiga, su bar shi haka. Sheƙi na ɗaukar hoto ne.

Akwai kuma tsawo, wanda giranda ba ta da iko a kansa. Duk sanda bawul ya rufe, iskar da ke gudu takan yi karo da shi, matsin ya koma baya da saurin sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa, ya je bakin bututun ya dawo. In dawowarsa ta dace da lokacin da bawul yake buɗe, sai ya ƙara tura iska ciki. Dogon bututu yana dacewa da ƙaramin juyi, gajere da babban juyi. Chrysler a Amurka ta yi wannan a 1960, bututun inci 30 kowanne, har sai da kafireta ta koma can ɗaya gefen injin. Daga baya kamfanoni suka koma yin manifol mai canza hanya da kansa, irin DISA na BMW da ACIS na Toyota.

Ɗan Suame: Gaisuwa daga Kumasi. Bari in ƙara wa Injiniya hujja da injin da muka sha kwancewa a nan Magazine, 4A-GE na Toyota. Na farkon manyan ramuka gare shi, har sai da suka sa masa T-VIS, wasu ƙananan ƙofofi da ke rufe rabin hanyoyin a ƙaramin juyi don iska ta yi gudu, sai juyi ya haura 4,000 su buɗe. Da suka sake fasalinsa a ƙarshen shekarun 1980 sai suka ƙanƙance ramukan, suka cire T-VIS ɗin gaba ɗaya, suka ƙara kwamfireshan, injin ya fi na da ƙarfi. Kamfani da kansa ya rage rami. Haka Ford 351 Cleveland mai manyan ramuka, har yau masu shi cike ƙasan ramin suke yi don ya samu ja a ƙasa.

Riwaya Zariya: Ni ta ɓangaren wuta zan yi magana, don ba wanda ya taɓo shi. Biren-bokis, wato kwamfutar inji, na Golf mai injekta ɗaya, Mono-Motronic, ba shi da mitar auna iska. Abu biyu yake kallo ya yanke yawan mai: yadda totur ya buɗe da juyin inji. Lissafin da aka zuba masa na manifol ɗin kamfani ne. In iskar da ke shiga ta canza, ta hanyar sensar salansa kawai zai gane, kuma in ka take totur har ƙasa ba ya sauraron sensar. To ku gaya min, Golf nawa ne a tasha sensar salansarsu take aiki? Da yawa an yanke wayar an ɗaure. Ko da fotin ɗin ya yi nasara iska ta ƙaru, man ba zai bi ta ba. Mai ya yi kaɗan a hawa, da lodi, da zafi, sai ƙarar fistin, daga nan sai bawul ya ƙone.

Mai Golf, a duba maka sensar zafin ruwa ma, mai shuɗin kai. In ta mutu biren-bokis yana ɗauka inji bai yi zafi ba, ya yi ta zuba mai.

Mai Golf Jos: Oga Riwaya, tawa ma ban san ko wayar tana nan ba wallahi. Zan duba.

E36 Abuja: Shi ke nan, kun taru kun kashe fotin 😅 Wato babu wanda zai taɓa manifol har abada?

Ɗan Suame: A'a ɗan'uwa, muna yi. Amma ga yadda ake yi. Da farko ba a farawa daga manifol. Wurin da ya fi matse iska yana cikin top, a maƙogwaron da ke ƙarƙashin kujerar bawul da kuma gajeriyar kwanar da iska take karyawa ta faɗa silinda. Yankan kujerar bawul mai kusurwa uku, in an yi shi da kyau, ya fi duk wani gugar manifol amfani. Sai an gama da top ake waiwayar manifol, shi ma gyara ne ba faɗaɗawa ba: ka cire layin zubi, ka kwantar da tudu, ka daidaita baki.

Wajen daidaita baki nan ne yara suke ɓarna. Su shafa shuɗi ko tawadar maka, su ɗora gaskit, su zana, su ci manifol da top duka har layin gaskit. Alhali ramin gaskit yakan fi na top faɗi. Sakamakon sai hanya ta zama siririya, ta kumbura a tsakiya, ta sake tsukewa. Iska ta rage gudu a kumburin sannan a ce ta sake ɗauka. Manifol da top za ka daidaita da juna, ba da gaskit ba. In ma za a samu bambanci, gara bakin manifol ya ɗan fi na top ƙanƙanta, kamar rabin milimita zuwa ɗaya, don iska ba za ta yi karo da gaɓa ba, kuma gaɓar tana rage dawowar iska baya. In manifol ne ya fi faɗi, ka gina mata bango a hanya.

Kayan aiki: alminiyam ba a cin sa da dutse, toshewa yake yi. Haƙorin kabaid mai manyan tsaga ake sawa, ana tsoma shi a kananzir ko a shafa masa kakin kyandir. Ka yanka kwali ko faranti daidai girman da kake so, ka riƙa zura shi a kowane rami, don huɗun su fito iri ɗaya. Ka sa tabarau. In ka gama ka wanke da ruwan zafi da omo da buroshi, ka hura da iska, ka sake wankewa. Garin samfefa in ya shiga silinda, ringi da bangon silinda ne za su biya.

Tsohon Hannu: Wannan shi ne magana. Ɗan Suame, hannunka ya san aiki. Abu ɗaya zan ƙara: a gwada a kan manifol ɗin da ya riga ya mutu, ba a kan motar da mutum yake ci da iyali ba. Yaron nan ba laifi ya yi ba da yake son koyo. Mai Golf, kada ka kashe masa gwiwa, ka ce ya je wajen 'yan gwangwan ya samo fasasshe, ya yanka shi biyu da zarto ya ga kaurin bangon da inda ruwa yake bi. Daga nan zai san inda giranda za ta tsaya.

Injiniya Samaru: Kuma a auna. Kunne maƙaryaci ne, mota ta ƙara ƙara sai mutum ya rantse ta ƙara gudu. Masu sana'ar suna da teburin gwajin iska, yawanci a matsin inci 28 na ruwa suke aunawa. Ba lallai ka mallaki irinsa ba. Injin shara mai zuƙa, akwatin katako, da siririn tiyo da aka lanƙwasa aka zuba wa ruwa sun isa su nuna maka ko rami na ɗaya yana wuce iska daidai da na huɗu, da ko aikinka ya ƙara ko ya rage. A kan titi kuma, giya huɗu, daga 60 zuwa 100, hanya ɗaya, zuwa da dawowa, lodi iri ɗaya, agogon waya a hannun wanda ke gefe. Kafin aiki da bayan aiki.

Wani abu kuma Mai Golf: Jos tana kan tudun kusan mita 1,200. Inji marar turbo, wato na'urar da ke danna masa iska, yana asarar kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100, don iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Kana hawa Kibo, dokinka yana raguwa. Zafi ma haka, duk ƙarin digiri 10 yana rage kaurin iska da wajen kashi 3. A injinka manifol ɗin shiga yana zaune ne a saman na salansa, gefe ɗaya. Saboda haka ka tabbata bututun da ke kawo iska daga gaba yana nan, ba daga cikin zafin bonet take shaƙa ba.

Na Maraɗi: Kuma kar a ce mishi ya cire eyakilina ya sa wanga mai kan mazurari. Hunturu na tahe, ƙura za ta cinye injin.

E36 Abuja: Wannan kam na yarda. Ni ma akwatin kamfani na bari.

Mai Golf Jos: Iyayen gida na dawo. An auna kwamfireshan: 11, 11, 10.5, 11. Oga ya ce injin da sauransa. Da inji yana silo ya kama kan injekta ya ɗan girgiza shi, nan take juyi ya canza, har ta nemi mutuwa. Muka kwance, robar ta tsage ta baya inda ido ba ya gani, kusan rabin zagaye. Wayar sensar salansa kuma a yanke take kamar yadda Oga Riwaya ya faɗa. Taimin ma ya ɗan yi baya, an gyara. Yanzu robar nake nema. An kawo min sabuwa ta kwali, an kuma ce akwai ta Beljiyam. Wacce zan ɗauka?

Tsohon Hannu: Alhamdu lillahi. Da kyau da ya girgiza da hannu. Wasu fetur suke fesawa a wurin su ji ko juyi zai tashi, alhali salansa tana ƙasa da zafinta.

Riwaya Zariya: A haɗa wayar, amma a gwada sensar kafin a yarda da ita. Wanda ya yanke ta wataƙila don ta mutu ne. In an gama a cire kan batir na ɗan lokaci, biren-bokis ya manta lissafin da ya saba da shi lokacin da iska take sata.

Ɗan Panteka: Admin, wannan amsa ce ba talla ba. Ta Beljiyam ta riga ta sha shekaru da zafi, in za ka ɗauka ka lanƙwasa ta a hannu a cikin rana ka duba ko'ina, in ka ga ko siririn layi ka ajiye. Ta kwali kuma iri-iri ce, ka duba inda roba ta kama ƙarfe, mai arhar nan daga nan take saki. Ka ɗora ta a kan gilashi ka ga ko ta kwanta daidai. Kuma ka sa a duba injin-sit ɗinka, in inji yana rawa da yawa ko wacce ka sa ba za ta daɗe ba. Turo min hoton ta kwalin ta inbox in gani.